Tashar Sola a Cikin Kwantena da Zafin Nguru da Gashuwa

Kwantenar ɗaukar kaya mai ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 5.9 da faɗin mita 2.3 daga ciki, kuma wannan fili ya isa ya ɗauki batura da inbata da akwatin rarraba wuta na asibiti ko makaranta. A birni ake haɗa komai, a ɗoro ta a tirela, a sauke, a garƙame da kwaɗo. Da irin waɗannan kwantenoni masu ƙarfin kilowat 50 hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ta kai wuta cibiyoyin lafiya bayan ɓullar korona a 2020. Ita ce kuma ta sa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa cikin zango na biyu na shirinta na samar wa jami'o'i wutar sola.

Rana ba ta ƙaranci a arewacin Yobe, sai dai ita ce kuma babbar matsalar kwantena. A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru da Gashuwa kan haura digiri 40 a inuwa, akwatin ƙarfen da aka bari a fili kuwa tanderu yake zama. Batirin dalma an ƙera shi ne don digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana cinye rabin kwanansa. Na litiyam ya fi juriya, amma shi ma zafi na tsufar da shi, inbata kuma da ta ji zafi sai ta rage ƙarfi don ta tsira. Saboda haka aikin kirki daga waje yake farawa: a shafe kwantenar da farin fenti, a kafa farantan sola a samanta su zama rumfa, a bar rata tsakani don iska ta ratsa. Daga ciki a lulluɓe bango da rufi da abin tare zafi. Abin takaici ne a kashe miliyoyi kan batura, a yi ƙyashin kuɗin wannan lulluɓi.

Batura ƙasa suke zama, saboda nauyi da kuma sanyin da ke can, a kan teburin ƙarfe da aka ɗaure da daɓen. Bangon kwantena siriri ne mai tudu da kwari, huda shi kuma ƙofa ce ga ruwa da tsatsa, don haka masu walda kan liƙa sandunan ƙarfe, a ɗaura allo, a rataye inbata da na'urar daidaita caji a kai, da tazara sama da ƙasa. Inbata ta kusanci batura: a layin bolt 48, kilowat 5 na jan sama da amfiya 100, doguwar waya ko siririya sai ta yi zafi ta cinye wutar. Amma kada ta kasance daidai saman batirin ruwa, domin yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta; wannan iskar sama take tashi, nan za a yi mata mafita. Fis da makashin wuta su kasance kusa da ƙofa, inda hannu zai kai cikin gaggawa.

Ƙurar hunturu tana toshe fankar inbata, shi ya sa kafar shigar iska ke buƙatar matata da za a riƙa kakkaɓewa. Gashuwa kuma a bakin kogin Yobe take, Nguru a gefen fadama, ambaliya ba baƙuwa ba ce. Ana ɗora kusurwoyi huɗu na kwantenar, inda ƙarfinta yake, a kan ginshiƙan kankare, sannan a haɗa jikinta da na dukkan na'urori da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Inda yashi ya bushe, sai an nitsa sandar sosai ko an ƙara wasu kafin ta yi aiki.