Ko Kun Sani? Daga Madras Zuwa Birnin Kebbi

Ko kun san cewa Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a Indiya aka haife shi? A birnin Madras ya zo duniya a 1858, shekarar da gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin East India, bayan boren 1857. A can kuma ya yi aikin soja yana saurayi.

Turawa ba su tuɓe dukkan sarakunan Indiya ba. Sun bar masarautu sama da 500 a hannun masu su har 1947, amma fa kusa da manyan sarakuna akwai Razdan, yana ba da shawarar da ba a ƙi. Irin wannan dabara ce aka shimfiɗa a ƙasar Kabi. Sarkin Kabi Sama'ila na Argungu, wanda ya gaji doguwar gaba da Gwandu da Sakkwato, ya karɓi Turawa tun 1902, ya ci gaba da zama a kan gadonsa. Gwandu kuwa ta ga ɗaya fuskar tsarin. Bayan tawayen Satiru na 1906, Turawa suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da goyon bayan masu boren, suka tuɓe shi, suka naɗa Haliru. Rawani na sarki ne, amma sandar girma Bature ke miƙawa, shi kuma ke karɓewa. A zamanin Turawa ne Birnin Kebbi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu, inda fadar take har yau.