JAMI'AR DA BA TA TAMBAYAR TAKARDA A BAKIN ƘOFA

Hirarmu ta yau bisa karatun jami'a take.

Jami'a ita ce makaranta ta ƙoli. Can ake horar da likitoci, da alƙalai, da manyan malamai, da masana noma da kiwo. Kowa ya san hanyar shiga cikinta. Yaro ya shiga lakwal yana ƙarami, ya ci jarabawa aji bayan aji, ya samu takardar bak, sa'an nan a buɗe masa ƙofa. To, wanda bai bi wannan hanya ba fa? Wanda talauci ya fidda daga lakwal, ko aure, ko aikin gona, shi ke nan ƙofa ta rufe gare shi har abada? A ƙasar Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, an yi wannan tambaya, kuma an ba ta amsa. Amsar ita ce wata makaranta da ake ce ma Buɗaɗɗiyar Jami'a.

MAFARIN ABIN

A wancan zamani, ko a Ingila, 'yan kaɗan ne ke kai jami'a. Yawancin yara suna barin makaranta da shekara 15, su tafi neman abinci cikin masana'antu, ko kantuna, ko ramin haƙar kwal. Cikinsu akwai masu basira da yawa. Rashin hali ne ya tsaida su.

Cikin shekara ta 1963, wani ɗan siyasa mai suna Harold Wilson ya kawo shawara. Ya ce a yi jami'a wadda za ta riƙa koyarwa ta radiyo da telebijin, mutum ya yi karatu yana zaune gidansa. A 1964 ya zama firaminista. Sai ya damƙa aikin hannun wata minista mai suna Jennie Lee. Ita ɗiyar mai haƙar kwal ce, ta san abin da ake ce ma talauci. Ta kafe bisa magana biyu. Ta farko, kada a tambayi kowa takardar shaida kafin ya shiga. Ta biyu, kada karatun ya gaza na sauran jami'o'i ko da ƙiris. Ba ta yarda a yi ma talaka jami'a ta jeka-na-yi-ka ba.

Mutane da yawa sun yi ma abin dariya. Wasu manyan malamai suka ce ba a koyon ilimi mai zurfi ta akwatin telebijin. Wasu 'yan siyasa suka ce ɓarnar kuɗi ce. Duk da haka, cikin watan Afrilu na 1969 jami'ar ta samu takardar izini. Aka kafa cibiyarta a wani sabon gari mai suna Milton Keynes, arewa da Landan. Shugabanta na farko likita ne, sunansa Walter Perry. Cikin watan Janairu na 1971 aka fara karatu da ɗalibai wajen 25.000. Waɗanda suka nemi shiga sun fi 40.000.

ME YA SA AKE CE MATA BUƊAƊƊIYA?

Dalili na farko shi ne ƙofar shiga. Ba a tambayar bak, ba a yin jarabawar shiga. A farkon abin, sharaɗin kawai mutum ya kai shekara 21. Wanda ya riga aiko da takardar nema, shi ake fara dubawa.

Dalili na biyu shi ne wuri. Ɗalibi ba ya barin garinsu. Ba ya barin aikinsa, ba ya barin iyalinsa. Matar aure ta yi karatu bayan yara sun yi barci. Ma'aikaci ya yi nasa bayan an tashi daga aiki. Naƙasasshe wanda fita ke ba wuya ya yi karatu cikin ɗakinsa. Har 'yan kaso, daga gidan yari suke karatu, suna cin jarabawa.

Dalili na uku shi ne lokaci. Ba a matsa ma mutum ya gama cikin shekara uku kamar sauran jami'o'i. An raba karatun kashi-kashi. In mutum ya gama kashi guda ya ci jarabawarsa, sai a rubuta masa, ba ya ɓacewa. In wata lalura ta taso, ya dakata, daga baya ya dawo ya ci gaba. Kamar mai gina gida ne: bana ya yi ɗaki guda, baɗi ya ƙara wani. A tsarin farko, kashi shida ke ba mutum digiri. Mai ɗaukar kashi guda kowace shekara, shekara shida ke gabansa.

YADDA AKE KARATUN

Ga yadda abin yake tafiya a shekarun farko.

Abu na farko, littattafai. Gidan waya ke kawo su har ƙofar gidan ɗalibi. Ba mutum guda ke rubuta su ba. Ana tara malaman fanni, da masu gyaran rubutu, da masana dabarun koyarwa, da ma'aikatan radiyo da telebijin. Su zauna tare wata da watanni suna shirya darasi guda. Dalili kuwa, ɗalibin yana nesa. Ba shi da halin ɗaga hannu ya ce: "Malam, ban gane ba." Dole littafin ya hangi tambayarsa, ya ba shi amsa tun bai yi ta ba.

Abu na biyu, radiyo da telebijin. Gidan BBC ne ya ɗauki wannan aiki, shi dai BBC ɗin da ke da sashen Hausa tun 1957. Ana sa darussan sa'ad da ma'aikaci ke gida, da maraice, ko da sassafe, ko ranakun hutu. Ta telebijin ake nuna ma ɗalibi abin da littafi ba ya iya nunawa, kamar yadda inji ke juyawa.

Abu na uku, akwatin gwaji. Ilimin kimiyya ba ya shiga da ji kawai, sai an taɓa da hannu. Saboda haka ake aiko ma ɗalibi akwati ta gidan waya. Cikinsa akwai 'yan kwalabe, da sinadarai, da ma'auni, da madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Teburin cin abinci ya zama wurin gwaji. In shekara ta ƙare, a maida akwatin.

Abu na huɗu, malami mai gyara. Kowane ɗalibi yana da nasa. Lokaci-lokaci ɗalibi ya rubuta aikin da aka ba shi, ya aika. Malamin ya karanta, ya ba da maki, kuma ya rubuta masa bayani: nan ka yi daidai, nan ka kauce, ga yadda za ka gyara. An kuma buɗe wuraren haɗuwa cikin garuruwa, inda ɗalibai ke ganin malami ido da ido. Ga wasu darussa, lokacin da sauran jami'o'i ke hutu, ana aron ɗakunansu, ɗalibai su taru su yi mako guda suna karatu tare.

Ku lura da abu guda. Mutane sun ɗauka telebijin ne jami'ar. Ba haka ba ne. Kallo da saurare kaɗan suke ci cikin lokacin ɗalibi. Mafi yawan aikin karatu ne da rubutu, awa goma ko fiye kowane mako.

SHIGA DA SAUƘI, FITA DA WUYA

Ƙofar shiga a buɗe take, amma ƙofar fita tana da mai gadi. A ƙarshen shekara akwai jarabawa. Malamai daga wasu jami'o'i suna sa ido bisa gyaranta, don kada a yi sassauci. Shi ya sa takardar wannan jami'a ta samu daraja wurin masu ɗaukar aiki. A 1973 aka yaye ɗalibai na farko, su wajen 900. Daga kafa ta zuwa yau, waɗanda suka yi karatu cikinta sun fi miliyan biyu.

Amma kada mu ɓoye wahalolin. Na ɗaya, da yawa suna farawa ba su gamawa. Karatun kaɗaici yana da nauyi. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ga yara, ga hidimar gida, ga littafi yana jira. Na biyu, a shekarun farko malaman makaranta ne suka fi kowa shiga, su da suka riga suka saba da karatu. Leburori, waɗanda aka fi tunawa sa'ad da ake kafa jami'ar, ba su zo da yawa ba. Buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba, sai mutum ya yarda cikin ransa shi ma yana iyawa. Na uku, karatun ba kyauta ba ne. A 2012 gwamnati ta rage tallafin da take ba jami'o'in Ingila. Kuɗin karatu ya hau ƙwarai, yawan ɗalibai manya ya ragu.

KAYAN AIKI SUNA SAKEWA

Jami'ar ba ta liƙe ma na'ura guda ba. Da kaset ya yaɗu, sai aka riƙa aika darasi cikin kaset, mutum ya saurara, ya maida baya, ya sake saurare. Da bidiyo ta shiga gidaje, sai aka maida darussan telebijin tsakar dare, ɗalibi ya ɗauka ya kalla lokacin da ya samu sarari. Sa'an nan kwamfuta ta zo, intanet ta biyo. Cikin watan Disamba na 2006 aka nuna darasi na ƙarshe a telebijin. Cikin shekarar nan kuma jami'ar ta zuba wasu darussanta bisa intanet kyauta, da sunan OpenLearn. Kowa na iya karanta su, ko'ina yake cikin duniya, in yana jin Ingilishi. Sai dai karanta su kawai ba ya ba mutum digiri.

Yanzu ɗalibi yana aika aikinsa ta intanet, gyara ya dawo masa ta intanet. Na'ura ta sake sau da yawa cikin shekara hamsin. Abu uku ba su sake ba: darasi shiryayye, malami mai gyara, da ɗalibi mai naci.

WASU ƘASASHE SUN BI SAWU

Koyarwa daga nesa ba Ingila ta fara ta ba. Jami'ar Afirka ta Kudu, wadda ake ce ma UNISA, tana koyarwa ta wasiƙa tun 1946. Ta hanyarta Nelson Mandela ya samu digirin shari'a a 1989, yana tsare. Abin da Ingila ta ƙara shi ne buɗe ƙofa ga kowa, da haɗa littafi da radiyo da telebijin da malami wuri guda.

Pakistan ta kafa tata buɗaɗɗiyar jami'a a 1974, Indiya a 1985, Tanzaniya a 1992. Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa tata a 1983, zamanin shugaba Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984. Sai zamanin shugaba Olusegun Obasanjo aka tada ta, a 2002. Shi kansa ya zama ɗalibinta. Ya karɓi digirin dakta a 2018, yana da shekara wajen 80. Amma ba duka suka buɗe ƙofa kamar ta Ingila ba. Ta Najeriya, alal misali, tana tambayar takardar gama sakandare.

MU FA?

Koyo ta akwati ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1962 aka fara ƙungiyoyin masu sauraren radiyo, mutane su taru su ji shiri, sa'an nan su tattauna. A 1964 aka fara koyar da yara ta telebijin, tun ƙasar ba ta da jami'a. Nan ma an ga abu guda: akwati shi kaɗai ba ya koyarwa, sai da jagora a gefensa.

Ba mu ce duk wanda ya iya haɗa baƙi yau zai shiga jami'a gobe ba. Tsakani akwai tafiya mai nisa. Amma ku dubi ɗalibin can na Ingila. Babban mutum ne mai iyali. Da dare yake karatu, bayan aiki. Yana rubutu, malami yana gyara masa. Haka ku ma kuke yi cikin ajinku na yaƙi da jahilci. Wayar salula da ke hannun mutane yau tana ɗauke da darussa masu yawa, amma mai iya karatu ne ke cin moriyarsu. Saboda haka kada ku yi fashin aji. Ku ware lokaci kowace rana, ko rabin awa ne. Ku nuna ma malami rubutunku, kada ku ji kunyar gyara.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna su cikin aji tare da malaminku:

1. Me ya sa ake ce ma wannan jami'a buɗaɗɗiya?
2. Me ya sa ba a sassauta jarabawar fita ba?
3. A garinku, me ke hana babban mutum ci gaba da karatu, kuma wace dabara za ku yi masa?