Lauya Ba Maƙaryaci Ba Ne: Darasi Daga Rayuwar Udo Udoma

Na gaji da jin zancen nan a majalisu da tashoshin mota, wai lauya ɗan hayar baki ne, a ba shi kuɗi ya mai da gaskiya ƙarya. Har uba ya hana ɗansa karatun lauya saboda wannan magana, amma ranar da aka ƙwace masa gona, shi ne kan gaba wajen cigiyar wanda zai tsaya masa a kotu. Haba jama'a!

Mu dubi Sir Egbert Udo Udoma, mutumin Ikot Abasi da ke jihar Akwa Ibom ta yanzu, wanda aka haifa a 1917. Ƙungiyar mutanensa, 'yan ƙabilar Ibibiyo, ce ta ɗauki nauyin karatunsa a Dublin. Su tara kuɗi suka yi domin su sami lauya, mu kuwa hana namu muke yi. Ya dawo ya yi aikin lauya da siyasa, ya zama alƙalin Babbar Kotun Legas a 1961. A 1963 Yuganda ta ɗauke shi Babban Jojinta, ya riƙe har 1969, sannan ya hau Kotun Ƙolin Nijeriya. A 1972 aka naɗa shi Uban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kujerar da Sardauna ya fara zama a kai. Shi ya shugabanci majalisar da ta tantance tsarin mulkin 1979. Ya rasu a 1998. To, ƙasa biyu da jami'a guda duk maƙaryaci suka damƙa wa amana?

Lauya ba shaida ba ne, bai ce yana wurin aka yi ba. Aikinsa ya tabbatar mai ƙara ya kawo hujja kafin a ɗaure bawan Allah. Wakilci gaban alƙali kuma sanannen babi ne a littattafan fiƙihu. Alƙalin Babbar Kotu ma sai ya shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa shi. Akwai baragurbi, kamar kowace sana'a, kuma akwai kwamitin ladabtarwa mai soke sunansu.

Iyaye, ku bar yara su karanta, maza da mata. A jami'ar Zariya da ta Bayero ana haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, makarantar horon lauyoyi kuma ga reshenta a Bagauda. Muhammad Bello, Bakatsine, ta hanyar karatun lauya ya zama Babban Jojin Nijeriya a 1987. Kai kuma mai karatu, kada ka sa hannu a takardar fili ko ta bashi sai lauya ya duba. Ku yi tsadar aikinsa tun farko, ka karɓi rasit. In ba ka da hali, nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, an kafa ta ne domin talaka. Wanda lauyansa ya cuce shi kuwa ya kai ƙara a rubuce, ya daina yi wa sana'ar kuɗin goro.