TSADAR TAYAR MOTA: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTA YA SANI KAFIN YA SHIGA KASUWA

Ran 6 ga watan Maris na 1916 ba a san hanyar Kaduna zuwa Abuja ba, amma shekara ɗari cif bayan haka, watau ran 6 ga Maris na 2016, a kan wannan hanya ce ƙaramin Ministan Ƙwadago, Mista James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa, bayan tayar motarsu ta baya ta fashe ana cikin gudu. Ba a gama jimamin wannan ba, sai ga shi cikin watan Afrilu wasu likitoci shida daga Jihar Ekiti da direbansu sun halaka a kan hanyar dai, suna kan tafiya taron ƙungiyarsu a Sakkwato, kuma nan ma taya ce ta fashe.

Waɗannan haɗura biyu su ne suka sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta tashi haiƙan a wannan shekara tana duba tayoyin motoci a kan hanya. To, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da taya ya san cewa ba rashin jin gargaɗi kaɗai ke sa mutane hawa sudaddiyar taya ba. Kuɗin sabuwar ne ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa.

DAGA IKEJA DA FATAKWAL ZUWA KWANTENA

Akwai lokacin da ƙasar nan ke yin tayarta. Tun farkon shekarun 1960 kamfanin Dunlop ya kafa masana'anta a Ikeja, kamfanin Michelin kuma ya kafa tasa a Fatakwal, suna samun ɗanyen roba daga gandayen da ke yankunan da a yau ake kira jihohin Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba. Sa'ad da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko a 1975, mai mota na iya sayen tayar da aka yi a gida, da kuɗin gida.

Wannan zamani ya wuce. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a 2008. Rashin wutar lantarki ya tilasta musu dogaro da janareta, sa'an nan aka rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci, ta yadda tayar da ta ƙetaro teku daga Asiya ta zo ta fi ta gida araha. Tun daga nan galibin tayoyin da ke kasuwa a cikin kwantena suke zuwa, su sauka a Apapa ko Tin Kan, kafin su bazu zuwa Ladipo a Mushin, da Nkpor kusa da Anacha, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da ake saye da dala kuwa, farashinsa bin dala yake yi. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira cikin watan Yuni na shekarar, sai ta yi ta faɗuwa har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ga kuɗin kwastan, ga kuɗin dako daga Ikko zuwa Arewa, ga ribar dillali. Duk waɗannan a kan mai mota suke ƙarewa.

KASUWA HAWA-HAWA CE

Wanda ya shiga kasuwa zai tarar da tayoyi kashi huɗu. Kashi na farko su ne na manyan kamfanonin duniya, irin su Michelin na Faransa, da Bridgestone na Japan, da Continental na Jamus, da Pirelli na Italiya, da Goodyear na Amurka. Su suka fi tsada. Kashi na biyu su ne irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, da Maxxis na Taiwan, da GT Radial na Indonesiya, waɗanda kuɗinsu ke tsaka-tsaki. Kashi na uku su ne tayoyin ƙasar Sin, masu sunaye barkatai. A cikinsu akwai na kamfanonin da suka kafu, akwai kuma waɗanda sunansu bai wuce kwantena ɗaya ba. Kashi na huɗu shi ne na tsofaffin tayoyi, waɗanda ake kira tokumbo ko Baljiyam.

A dokar ƙasar nan an hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta. Amma duk da haka ba kasuwar da ba a jibge su ba, domin ta kan iyaka ake satar shigowa da su. Har ila yau ko sabuwar ma ba ta tsira ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama tayoyin da aka cusa wata cikin wata, uku ko huɗu ko fiye, don kwantena ta ɗauki da yawa. Irin wannan cushe yana lanƙwasa wayar ƙarfen da ke bakin taya, kuma ko an ciro ta an hura ta yi kyau a ido, aibin na nan a ciki.

LISSAFIN DA BA A YI

Mai sayen tokumbo yakan ga ya ci riba don ya biya rabin kuɗin sabuwa. Bari a yi lissafi. Zurfin zanen sabuwar tayar ƙaramar mota yakan kai wajen milimita 8, kuma idan ya ragu zuwa milimita 1.6 taya ta gama aiki. Ke nan abin da mutum ke saye a sabuwar taya milimita 6.4 ne na roba. Idan tsohuwar da aka miƙo masa saura milimita 4, abin da zai mora milimita 2.4 ne kawai, watau bai kai kashi 40 cikin ɗari ba.

A misali, a ce sabuwar naira 80,000 ce. Bisa wannan lissafi tsohuwar ba ta wuce darajar naira 30,000 ba. Wanda ya biya 40,000 ya yi asara tun kafin ya bar kasuwa, ban da kuɗin mai faci da zai riƙa biya, ban da kuma cewa bai san ramukan da ta faɗa ba a hannun mai ita na farko. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi tayoyin Turai. Da yawa daga cikinsu na hunturu ne, an yi su da roba mai laushi don sanyin da ke ƙasa da digiri 7. Ana gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiya. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, irin wannan taya cinyewa take yi da sauri, kuma ba ta riƙe birki yadda ya kamata. Wasu 'yan kasuwa ma sukan sa wuƙa mai zafi su sake sassaƙa zanen tayar da ta sude, su shafa mata baƙin mai. Tayar ƙaramar mota ba a yi ta don sassaƙa ba, kuma wanda ya hau ta yana tafiya ne a kan zare da waya.

KARATUN DA KE JIKIN TAYA

Kowace taya tana ɗauke da tarihinta a gefenta, ga wanda ya iya karantawa. A ɗauki wadda aka rubuta wa 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗinta ne a milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, wadda Michelin ya ƙirƙiro a 1946, kuma ita ce kusan duk ƙananan motoci ke hawa yanzu. Lamba 15 girman wili ne a inci. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 615. Harafin H kuwa yana nuna iyakar gudun da za ta jure, watau kilomita 210 a awa. T na nufin 190, V kuma 240.

Wannan lambar nauyi ita ce direbobin haya suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Bas irin Hiace tana bukatar taya mai harafin C, kamar 195 R15C, wadda aka yi don lodi, kuma ta kan ɗauki har kilo 950. Amma saboda tsada sai a ɗaura mata tayar ƙaramar mota, a cika ta da fasinja, a ɗora buhuna a baya, a kama hanyar Lakwaja da tsakar rana. Abin da zai biyo baya ba sai an faɗa ba.

Sai kuma ranar haihuwar taya. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi rubutun har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na 2022. Tun shekara ta 2000 ake wannan tsari. Wadda lambobinta uku ne kawai ta girmi haka, ba ta da sauran amfani sai dai a yanka ta a yi takalmi ko guga. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, musamman idan a rana aka ajiye ta. A gangamin 2016 Hukumar Kiyaye Haɗura ta tsaya a kan shekara huɗu daga ranar da aka yi taya. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai taya wurin gwani kowace shekara da zarar ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Saboda haka wanda aka miƙa wa sabuwar taya a leda, ya duba wannan lamba tukuna, don sau da yawa ta riga ta shekara biyu ko uku a sito.

IDAN KUƊI BAI KAI BA

Ba kowa ke iya sayen huɗu a lokaci ɗaya ba. Wanda ƙarfinsa na biyu ne, ya sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ya ɗaura su a layi ɗaya. Yawancin direbobi gaba suke kai sababbin, amma kamfanonin taya sun yi ittifaƙi a kan cewa baya ya kamata a sa su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Dalili kuwa shi ne idan gaba ya zame direba na da sitiyari a hannu, amma idan baya ya ƙwace, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, mota juyawa take yi gaba ɗaya. Sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi, wadda girmanta da lambar nauyinta suka dace da motar, ta fi tsohuwar mai babban suna. Kuma a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago.

Bayan saye sai kulawa, domin a nan ne kuɗin ke dawowa. Ƙarancin iska shi ne babban makashin taya: gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, har roba ta rabu da waya. Yawan iska kuma yana cinye tsakiyarta, ya sa ta saurin fashewa idan ta daki rami. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a gejin masu faci. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya. Tun da gejin masu faci na bakin titi ba duka ke faɗin gaskiya ba, kuma wasu da bugun ƙarfe suke aunawa, gara mai mota ya sayi nasa ya ajiye a mota.

Haka nan a riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowace tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000, a kuma kai mota a daidaita ƙafafunta idan an ga gefe ɗaya na cinyewa ko sitiyari na ja. Hujin ƙusa a kan zane, wanda bai wuce milimita 6 ba, yana facuwa. Amma yanka ko ƙullutu a gefen taya ba ya da magani, sai canji. A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu da aka yi don alama. Ran da zane ya yi daidai da su, taya ta kai milimita 1.6 ɗin nan, aikinta ya ƙare.

In kuwa ƙaddara ta sa taya ta fashe ana cikin tafiya, kada direba ya danne birki. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙar da mota, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai sa'an nan ya taɓa birki ya gangara gefe. Taka birki da ƙarfi a wannan lokaci shi ke sa mota ta wuntsila.

Inda kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan wurare huɗu ne nauyin mota da na duk wanda ke cikinta yake. Fasinja ma yana da haƙƙin ya zagaya mota a tasha ya duba ƙafafunta kafin ya biya kuɗi, in ya ga waya ta leƙo ko gefe ya kumbura, ya jira ta gaba. Allah Ya kiyaye hanya.