Shekaru a kan hanya: abin da ke hana masu ratsa duniya da ƙafa sarewa

A ranar 1 ga watan Nuwamban 1998 ne Karl Bushby, wani tsohon sojan Birtaniya mai shekaru 29, ya bar garin Punta Arenas da ke kudancin ƙasar Chile da niyyar komawa garinsu Hull na Ingila a ƙafa. Ya shafe fiye da shekaru 25 yana wannan tafiya.

Ƙa'idoji biyu ya gindaya wa kansa. Ba zai hau wani abin hawa domin rage nisan hanya ba, kuma ba zai koma gida ba sai ranar da ya isa da ƙafarsa. Waɗannan ƙa'idoji ne suka rufe masa ƙofar ja da baya. A 2006 ya taka ƙanƙarar mashigin Bering daga Alaska zuwa Rasha, inda hukumomi suka tsare shi saboda bai shigo ta ƙofar da doka ta tanada ba. Da suka haramta masa shiga ƙasar a 2013, sai ya tako daga Los Angeles har ofishin jakadancin Rasha da ke Washington, aka kuma ɗage haramcin a 2014. A 2024, ganin ba shi da hanya ta Rasha ko Iran, ya yi iyo a tekun Kaspiyan na tsawon kwanaki 31, daga Kazakistan zuwa Azarbaijan.

Shi kuwa Paul Salopek, ɗan jaridar Amurka, wata dabara ya ɗauka. Ya tashi daga Herto Bouri na ƙasar Habasha a watan Janairun 2013, yana bin sawun mutanen farko da suka bazu daga Afirka, da nufin kaiwa ƙarshen Kudancin Amurka. Shekaru bakwai ya ƙiyasta, amma annobar korona ta riske shi a 2020 yana ƙasar Myanmar. Salopek ba ya tafiya shi kaɗai, a kowace ƙasa yakan samu ƴan yankin su raka shi. Ya kuma yanka doguwar hanyar gunduwa-gunduwa. Duk bayan kilomita 160 yakan tsaya ya ɗauki hoton wurin, ya tambayi mutumin da ya fara cin karo da shi ko shi wane ne, daga ina ya fito, ina kuma ya dosa. Da haka kullum akwai zango na kusa da yake hange.

Jean Béliveau ɗan ƙasar Kanada ya kai ƙarshen tasa tafiyar. Ya bar Montreal ranar 18 ga watan Agustan 2000, ranar da ya cika shekaru 45, yana tura ƙaramin keke mai ƙafa uku da ke ɗauke da kayansa. Ya dawo a watan Oktoban 2011 bayan ya taka kusan kilomita 75,000 a ƙasashe 64. Ya sadaukar da tafiyar ga neman zaman lafiya domin yaran duniya. Duk da haka, a Habasha gwiwarsa ta yi sanyi har ya aika wa abokiyar zamansa saƙon cewa zai haƙura. Ita ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba, kuma takan je ta same shi sau ɗaya a shekara duk inda ya kai.

A ƙasar Hausa irin wannan juriya ba baƙuwa ba ce. Kafin jirgin sama ya wadata, maniyyata kan tashi daga nan su ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka. Idan guzuri ya ƙare su yada zango, su yi noma ko ƙwadago na damina ɗaya ko fiye, sannan su ɗaura niyya su ci gaba. Wasu sun yi shekaru kafin su isa, wasu kuma jikokinsu na nan zaune a Sudan har yau.