Kuɗin Nauyi da Kuɗin Suna a Kasuwar Kayan Ado

 

A cikin 'yan shekarun nan labari biyu sun girgiza kasuwar kayan ado ta duniya. Na farko shi ne zinariya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Na biyu kuwa, dutsen nan mai ƙyalli da Larabawa ke kira almasu, 'yan kasuwa ke ce masa daiman, darajarsa ta soma zubewa, domin mutane sun koyi yin sa a cikin injin. Mutanen rediyo sukan ce masa lu'ulu'u, alhali kuwa lu'ulu'u na asali daga cikin teku a ke samo shi. Ko da ya ke a Turai da Amurka al'amuran nan suka faru, sun shafi falken da ke saro gwal a Dubai, da alhajiyar da ke yin tsaraba a Makka, da mai haɗa lefe, da malamin da za a zo a tambaya hukuncin zakka. Saboda haka ya kamata a san su dalla-dalla.

Mai karatu ya sani kowace sarƙa ko zobe ko awarwaro kuɗi iri uku ne a cikinsa. Akwai kuɗin nauyi, watau darajar zinariyar da sikeli ya nuna. Akwai ladan ƙira, watau haƙƙin maƙerin da ya narka ya sarrafa. Sa'an nan akwai kuɗin suna, wanda a ke biya domin an buga hatimin wani gida sananne a jikin abin. A kasuwannin Dubai da na Makka nauyi ne babba, ladan ƙira ya biyo baya. A manyan kantunan Faris da Landan da Niyok kuwa, sau da yawa suna ne ke ɗaukar rabo mafi tsoka.

Gidajen nan masu suna tsofaffi ne ƙwarai. An kafa Tiffany a Niyok a 1837, Cartier a Faris a 1847, Bulgari a birnin Rum a 1884, Van Cleef & Arpels kuma a Faris a 1906. Dā kowannensu na iyali guda ne, ɗa ya gaji uba, kamar yadda maƙeran fari su ke a birnin Kano. Daga baya manyan attajirai suka bi su suna saye. Kamfanin LVMH na Bafaranshen nan Bernard Arnault ya sayi Bulgari a 2011, ya kuma sayi Tiffany a watan Janairu na 2021 a kan wajen dala biliyan 16. Cartier da Van Cleef & Arpels kuwa sun shiga hannun kamfanin Richemont na ƙasar Suwizalan. A shekarar cinikinsa da ta ƙare a watan Maris na 2025, gidajen kayan ado na Richemont sun sayar da kaya na fiye da yuro biliyan 15. Wanda ya ba da dala biliyan 16 domin ya mallaki gida ɗaya, lalle sunan gidan ya fi sha'awa, gama zinariya kowa na iya sayenta a kasuwa.

Abin mamaki shi ne, kayan da a ka fi rububi a gidajen nan tsofaffin fasali ne. Akwai awarwaron Cartier mai suna Love, wanda wani Ba'italiye, Aldo Cipullo, ya zana a Niyok a 1969. Da 'yan ƙusoshi masu murɗi a ke ɗaure shi a hannu, ba ya fita sai an kwance su da ɗan ƙarfen da a ke bayarwa tare da shi. Akwai kuma sarƙar Van Cleef & Arpels mai siffar ganye huɗu, wadda ta fito a 1968, a ka sa mata suna Alhambra, watau sunan fadar sarakunan Musulmi ta birnin Garnaɗa a Andalus. Shekara fiye da 50 ke nan fasalinsu bai sake ba, kuɗinsu ne kawai ke hawa.

To, nawa ne zinariyar da ke cikin irin waɗannan kaya? Tsantsar zinariya ƙirati 24 ce, amma tana da laushi, sai an gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa kafin ta jure sawa. Gidajen Turai galibi da mai ƙirati 18 su ke aiki, watau kashi uku cikin huɗu zinariya ce, shi ya sa a ke ganin lamba 750 a jikin kayansu. Kasuwannin Larabawa sun fi son mai ƙirati 21, wadda lambarta 875, ko mai ƙirati 22, wadda lambarta 916. Misali, awarwaro mai nauyin giram 40, in na ƙirati 18 ne, tsantsar zinariyarsa giram 30 ce. In kuwa na ƙirati 21 ne, giram 35 ce. Ashe ke nan wanda ya fi tsada a kantin Faris yana iya zama shi ne mai ƙarancin zinariya a bisa sikeli.

Game da tsadar zinariya kuwa, dattawan 'yan kasuwa za su tuna tun daga 1934 har 1971 gwamnatin Amurka ta tsayar da farashin oza ɗaya, watau giram 31 da 'yan kai, a kan dala 35. A watan Agusta na 2020 oza ta haye dala 2,000. A watan Maris na 2025 ta haye 3,000, a watan Oktoba na shekarar nan kuma ta haye 4,000. Daga cikin dalilan akwai yaƙe-yaƙe, da tsoron da mutane ke yi wa kuɗin takarda, da kuma manyan bankunan gwamnatoci da suka riƙa sayen fiye da tan 1,000 kowace shekara a 2022 da 2023 da 2024. Macen da ta ajiye 'yan kunnen aurenta masu nauyi a ƙasan adaka, sai ta wayi gari dukiyarta ta ninka ba tare da ta motsa ba.

Labarin daiman kishiyar wannan ne. Kamfanin De Beers, wanda a ka kafa a Afirka ta Kudu a 1888, shi ya riƙe mafi yawan cinikin wannan dutse shekaru masu yawa, ya kuma yi ta talla har ya cusa wa Amurkawa cewa baiko bai cika ba sai da zoben daiman. Amma tun a 1954 masana a kamfanin General Electric na Amurka suka yi daiman da hannunsu. Asalinsa sinadarin da ke cikin gawayi ne. Ko dai a matse shi da zafi da nauyi mai tsanani, ko kuma a sa wani siririn ɓallin daiman a cikin akwati, a hura masa iskar gas mai zafi, ta riƙa kwanciya a kansa sannu a hankali har ya yi kauri cikin 'yan makonni. Na farkon ƙanana ne, sai aikin yanka da haƙa. Da tafiya ta yi nisa a ka iya yin manya masu haske, ma'aikatu suka yawaita a ƙasar Sin da ta Hindu. A 2021 kamfanin Pandora na Danmak ya sanar ya daina amfani da daiman na haƙowa. A 2023 firayim ministan Hindu, Narendra Modi, ya ba uwargidan shugaban Amurka kyautar daiman na injin mai ƙirati 7.5. A nan ƙirati awon nauyi ne, ɗaya bisa biyar na giram, dabam da ƙiratin zinariya.

Wannan dutse na injin ba ƙarau ba ne. Jikinsa da taurinsa da ƙyallinsa duk ɗaya ne da na haƙowa, ido ba ya rarrabewa, sai an kai shi wurin masu na'urar gwaji. Da De Beers ya ga haka, sai shi ma ya buɗe nasa reshen mai suna Lightbox a 2018, yana sayar da ƙirati ɗaya dala 800, da nufin ya nuna wa duniya na injin abin araha ne. Arahar ta wuce inda ya so. A watan Mayu na 2025 ya sanar zai rufe reshen, ya ce farashin sarin daiman na injin ya faɗi da kashi 90 cikin 100 tun daga 2018. Na haƙowa ma ya ji a jikinsa. Ƙasar Botsuwana, wadda daiman ne mafi yawan abin da ta ke sayarwa waje, tattalin arzikinta ya ja baya a 2024. Wanda ya tura jarinsa cikin daiman na injin a farkon fitowarsa yana tsammanin ajiya ya yi, ya gamu da asara mai ciwo.

Adalci ne a faɗi cewa suna ma yakan dawo da kuɗi wani lokaci. A watan Yuni na 2019 gidan gwanjo na Christie's a Niyok ya sayar da tarin kayan ado na sarakunan Hindu na dā, wanda iyalan Al Sani na Ƙatar suka tara, a ka sami fiye da dala miliyan 100. Amma irin wannan ciniki sai abin da ya ke da tarihi da takardun shaida, sai kuma a Niyok ko Janiba ko Honkon, inda masu neman sunan su ke taruwa. Ranar da buƙata ta taso wa mutum a Kano ko Damagaram, ya ɗauki awarwaronsa ya kai wa mai sayen gwal, sikeli za a ɗauko, a goga a dutsen gwaji, a biya shi nauyi.

Malamai sun san shari'a ta daɗe da raba nauyi da ƙira. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Fadalatu ɗan Ubaidu, wanda ya sayi wata sarƙa mai zinariya da duwatsu ran Haibara a kan dinari 12. Da ya ɓalle duwatsun sai ya tarar zinariyar kaɗai ta fi dinari 12, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana sayar da irinta sai an rarrabe. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani maƙeri da ya tambayi Abdullahi ɗan Umaru ko zai iya sayar da ƙirarsa da zinariyar da ta fi ta nauyi, ya ɗauki rarar a matsayin ladan aikinsa. Ɗan Umaru ya hana shi, maƙerin ya yi ta maimaita tambaya, bai sake masa amsa ba. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun sauƙaƙa a wannan mas'ala, amma mazhabobi huɗu a kan hani su ke.

Saboda haka abin da a ka saba yi a kasuwa, mace ta kawo tsohon gwal ta karɓi sabo ta yi ciko da kuɗi, yana da haɗarin riba. Hanyar tsira ita ce ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta a hannu, ciniki ya ƙare ba da wani sharaɗi ba, sa'an nan ta sayi sabon, mafi kyau ma a wani wuri dabam. In da naira ko dala ko sefa a ke saye, babu laifi a biya ladan ƙira da kuɗin suna gwargwadon yadda a ka yarda, muddin hannu da hannu ne, gama malamai da yawa na wannan zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa, ba su yarda da bashi a tsakaninsu ba.

Haka kuma a babin zakka. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ta riƙe domin sawa. Amma wanda a ka ajiye domin ciniki, ko domin tsoron ranar buƙata, akwai zakka a kansa in tsantsar zinariyarsa ta kai miskali 20, watau wajen giram 85, shekara kuma ta kewayo. A fitar da ɗaya bisa 40. Mukhtasar na Shehu Halilu ya bayyana cewa in an jera duwatsu a jikin abin, sai a cire su a auna zinariyar idan cirewar ba za ta ɓata shi ba, in kuwa za ta ɓata, sai a ƙaddara nauyinta. Daiman shi kansa ba a yi masa zakka sai in hajar kasuwa ne. Da ya ke zinariya ta yi tsada, gidaje da yawa sun koma ajiye dukiyarsu a cikinta, ya kamata malamai su tunatar da su cewa niyyar ajiya tana sake hukunci.

Ga falke kuwa, akwai abubuwan kiyayewa. Ya duba lambar da ke jikin kaya, ya kuma gwada, kada ya dogara ga lamba kaɗai, domin a kan buga ta a jikin ƙarfen da a ka yi wa ruwan gwal. Ya sa a rubuta masa nauyin zinariya dabam, nauyin duwatsu dabam, ladan ƙira dabam, kada ya sayi dutse da farashin zinariya. In daiman ne, ya nemi takardar gwaji da ta faɗi na haƙowa ne ko na injin, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin. Kasuwanni sun cika da kwaikwayon fasalin Cartier da na Van Cleef & Arpels, waɗansu ma da zinariya ta gaske a ka ƙera su. Wanda ya sayar da kwaikwayo da sunan na asali ya yi algus, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ƙarya, ko da zinariyar ba ta da aibi.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi ƙirar gida mai suna domin kyanta da ingancin aikinta, ya faranta wa iyalinsa rai, bai yi laifi ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma marainiyar da a ke juya gadonta zuwa kayan ado, da matar da ke tara kuɗin sana'arta domin ranar ciwo ko kuɗin makarantar 'ya'ya, waɗannan a saya musu mai nauyi, mai yawan ƙirati, mai ƙarancin duwatsu, a kuma ajiye musu takardar awo.

Allah ya tsare dukiyar Musulmi daga riba da algus, ya sa albarka a cikin ciniki, ya ba mu ikon fitar da haƙƙinsa. Amin.