Dashen Tagar Ido: Binciken Likita Gerrit Melles da Tasirinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin aikin ido na kyauta ya san yadda abin yake. A tantance jama'a, a ware masu yana a yi musu aiki, washegari a kwance musu bandeji su ga fuskokin iyalansu. Sai kuma a sami wasu da likita zai haska idonsu, ya hango farin tabo ko hazo a gaban baƙin ido, ya ce wannan ba yana ba ce, aikin nan ba zai amfane su ba. Su koma gida yadda suka zo. 'Yan kwamitocin masallatai sukan tambaye mu ko waɗannan bayin Allah ba su da magani ne. Amsa ita ce da yawansu suna da shi, sunansa dashen tagar ido. Mun ga ya dace mu yi bayaninsa ta hanyar bin sawun wani likita ɗan ƙasar Holan, Gerrit Melles, wanda bincikensa ya sauya yadda ake wannan aiki.

Abin da muke kira tagar ido, likitoci kuma suke kira koniya, shi ne tantanin nan garai-garai da ya rufe gaban baƙin ido. Kaurinsa bai wuce kimanin rabin milimita ba, babu jijiyar jini a cikinsa, kuma shi ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Falle-falle ne a shirye. Falle na can ciki jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, aikinsu su riƙa tsotse ruwan da ke shiga tagar suna fitar da shi, domin ta zauna a washe. Waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Da zarar sun yi ƙaranci sai ruwa ya taru, tagar ta kumbura, gani ya dushe. Hakan na faruwa saboda wata cuta mai zuwa da shekaru wadda likitan Viyana Ernst Fuchs ya bayyana a 1910, yana kuma faruwa bayan aikin yana idan an ji wa wannan falle rauni.

Dashen tagar ido ya girmi Melles da nisa. A watan Disamba na 1905, a garin Olomouc da ke Jamhuriyar Cek ta yau, Likita Eduard Zirm ya yi dashe na farko da ya yi nasara, ga wani lebura da farar ƙasa mai ƙuna ta makantar. A shekarun 1930 Vladimir Filatov na Odesa ya nuna cewa tagar idon mamaci tana yin aiki. A 1944 aka buɗe ma'adanar ido ta farko a birnin New York na Amurka. Amma tun daga zamanin Zirm har kusan ƙarshen ƙarni na 20, hanyar da aka fi bi ɗaya ce: a yanke tsakiyar tagar da dukkan kaurinta, a ɗora ta wani, a ɗinke kewayenta da zare mai tsananin siranta. Mutane masu yawa sun sami gani ta haka, sai dai da wahalhalu. Zaren yakan zauna shekara ko fiye, ɗinkin yakan karkatar da tagar har gani ya gurɓata, wurin yankan ba ya komawa ƙarfinsa na da, kuma jiki yakan tashi ya ƙi baƙon nama.

Tambayar da Melles ya yi mai sauƙi ce: idan falle na ciki kaɗai ya lalace, don me za a cire tagar gaba ɗaya? A 1998 ya wallafa hanyar shiga ta gefen ido a cire ɓangaren baya na tagar, a zura sabo, sannan a hura kumfar iska a ƙarƙashinsa ta danna shi ya manne, ba tare da an ɗinke dashen ba. Bai tsaya nan ba. A 2004 ya bayyana yadda za a ɓare lalataccen fallen kawai daga idon majiyyaci maimakon yanka naman tagar, abin da ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. A 2006 kuma ya ba da rahoton hanyar da ake kira DMEK, inda abin da ake dasawa shi ne jerin ƙwayoyin nan da siririn mayafin da suke zaune a kai, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau da yawa. Waɗannan ayyuka sun ci gaba a cibiyar binciken tiyatar ido da ya kafa a Rotterdam, wadda ke da ma'adanar ido tata, take kuma koyar da likitoci daga ƙasashe daban-daban.

Da me ake auna tasirin mai bincike? Ba da yawan takardun da ya rubuta kawai ba. Ma'auni na farko shi ne wasu su karɓi hanyar su yi ta da hannunsu. A Amurka, Mark Terry na Portland ya ɗauki hanyar farko, Francis Price na Indianapolis ya yaɗa ta biyu, Mark Gorovoy kuma ya shigo da na'urar yanka domin shirya dashen. Ma'auni na biyu shi ne alƙaluman da wasu suka tattara, ba shi ba. A 2012 ayarin Price ya wallafa kwatancin majiyyatansa cikin shekara biyu bayan aiki: yiwuwar jiki ya ƙi dashe ta kai kashi 18 cikin 100 a tsohuwar hanya, kashi 12 a hanyar tsakiya, kashi 1 kacal a DMEK. Ma'auni na uku shi ne sauyin al'ada. Ba da jimawa ba bayan 2010, dashen falle na ciki ya zarce dashen dukkan taga yawa a Amurka.

Akwai wata fa'ida da ta fi shafar marasa hali. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙirga dashe 184,576 da aka yi a ƙasashe 116 cikin shekarar 2012, alhali kimanin mutum miliyan 12.7 suna jira. Ma'ana, taga ɗaya ce ake samu ga kowane 70 da ake buƙata. Tun da DMEK falle na ciki kawai take ɗauka, sauran naman yana nan lafiya, ana iya dasa shi ga wanda gaban tagarsa ne ya lalace. Ayarin Melles na cikin waɗanda suka nuna cewa taga ɗaya za ta iya wadatar da mutum biyu.

Wajibi ne mu faɗi iyakar abin. DMEK tana da wuyar koyo, domin mayafin naɗewa yake kamar tabarma, sai an lallaɓa a warware shi a cikin ido, kuma wani lokaci yakan saki a sake hura iska. Sannan ba ta maganin hakiya. Yawancin makantar taga a ƙasashenmu tabo ne a gaba, wanda amosanin ido, ƙyanda tare da ƙarancin sinadarin bitamin A, rauni a gona ko wurin sana'a, gyambon ido da ɗiga magungunan da ba a san kansu ba suke bari. Irin wannan yana buƙatar dashen fallen gaba ko na dukkan taga. A fannin fallen gaba ma Melles ya ba da gudummawa, kuma a 2002 Mohammed Anwar da Klaus Teichmann, suna aiki a Jidda, suka wallafa hanyar raba fallayen da babbar kumfar iska, wadda ta bazu a duniya. Kowane dashe kuma ba ya amfani sai idan jijiyar gani da bayan ido suna lafiya.

Duk wannan ilimi ya dogara ga abu guda da ba a ƙera shi a masana'anta: kyautar mamaci. Ana cire tagar cikin sa'o'i bayan rasuwa, ana iya ɗaukar ta ita kaɗai a bar ƙwayar idon, a bincika jini saboda cututtuka masu yaɗuwa, a adana ta kimanin mako biyu a cikin sanyi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci domin mai rai da sharaɗin izininsa kafin rasuwa ko izinin magadansa, ta kuma hana sayarwa. Akwai malaman da suka saɓa, kuma muna girmama saɓaninsu. Abin da muke roƙo shi ne limamai su karanci mas'alar kafin a zo musu da tambaya.

Saboda haka, idan aka kawo wa kwamiti buƙatar mai ciwon taga, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi kafin a fitar da kuɗi. Wane falle ne ya lalace, kuma wane irin dashe likita ya ce ya dace? Daga wace ma'adana za a samo tagar? Shin an lissafa kuɗin maganin ɗigawa da na zirga-zirgar komawa asibiti na watanni masu yawa, tunda dashen da aka bari ba kulawa yakan lalace? Kuma majiyyaci ya san cewa jan ido, zafi, gudun haske ko raguwar gani bayan dashe alamu ne na komawa wurin likita a ranar? A wuraren aikin yana kuwa, a tambayi ƙwarewar mai aiki, ba yawan idanun da za a yi a yini kawai ba, domin fallen da aka raunata ba ya dawowa. Rigakafin ƙyanda, wanke fuskar yara da gaggauta kai jan ido asibiti sun fi kowane dashe araha.